Ranar Da Aka Sauke Jeren Gwaggo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu. Labarin rasuwarta ya same ni a Shinkafi ina tsakar shanya, na saki zanen da ke hannuna a ƙasa na shiga neman mayafi. Ban samu tafiya ranar ba, ban samu kashegari ba, don direbobi sun ce hanyar Kaura ba ta biyuwa, an ga mutanen daji a kanta. Na yi ta safa da marwa tsakanin gida da tasha kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai ranar sadakar uku na iso Kaura Namoda, an riga an kai ta makwancinta, ko fuskarta ban gani ba.

Cikin gidan ya cika da mata har bakin rijiya, kowa da irin kukanta. Wata tsohuwa da suka yi ƙuruciya tare tana ta maimaita cewa yanzu kam jere ya mutu a Kaura, sai dai a jibge kaya a ɗaki a ce an yi. Wata kuma kuka take tana dariya, wai Gwaggo ta taɓa leƙa ɗakinta ta ce ya yi kama da teburin mai shayi, kuma tun daga ranar ba ta sake ajiye kofi a kan talabijin ba. Maƙwabciyarmu Kirista, matar mai kemis, ta yafa gyale ta zauna cikinmu a tabarma, ta ce ko ɗakin 'yarta Gwaggo ce ta jera, kuma ko goro ba ta karɓa ba.

Amma akwai waɗansu mata da suka zauna daban, daf da ƙofar ɗakin Gwaggo. An ajiye musu abinci ba su taɓa ba. Ba kuka suke yi ba, sai dai kowace in ta ɗan jima ta miƙa wuya ta leƙa ta gefen labule, ta dawo ta sunkuyar da kai. Na gane wasu daga cikinsu, matan ƙauyukan Zurmi ne da tashin hankali ya koro. Ina cikin gaisawa da su aka dire mini tuwo a wata langa shuɗiya mai jan fure, murfinta da ƙujewa a baki. Ina ganinta na tsame hannuna, domin na san langar nan, na kuma san ba a taɓa zuba mata abinci a gidan nan ba. Na tashi na ɗaga labulen. Bangon da na bari cike da kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi wayam yake, sai shatin inda suka zauna.

Sai na koma baya kaɗan, don a san abin da ya sa ganin bangon nan wayam ya tayar mini da hankali.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun yaye, a ɗakinta na yi wayo. Sana'arta jeren ɗakin amare, kuma ba ta da wani abin awo sai idonta. In ta shiga ɗaki sai ta kori kowa waje, ta tsaya a tsakiya hannu a ƙugu, ta dubi inda haske yake shigowa, sannan ta ce a fara miƙo mata. Manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama, kowane fure ya kalli ƙofa. In kika miƙo mata kwano da hannun maiƙo kin sha ranƙwashi, ko da ke ce uwar amarya. Ni kam kaina ya sha shi har na iya kaucewa tun kafin ta ɗaga hannu, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ba ta lissafa zamani da shekaru, da kayan ɗaki take lissafa shi. Ba za ta ce shekara kaza aka haifi wane ba, sai ta ce zamanin tasa ne, ko kuwa lokacin da samira ta shigo. Ita da kanta, in ji ta, a kan gadon ƙasa aka haife ta a ƙauyensu wajen Birnin Tsaba, irin wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa da sanyi. Kayan ɗakin mahaifiyarta ƙore ne da akushi da faya-fayai, a rataye cikin ragayar igiya don kada gara ta ci, sai tabarmar kaba da adudun tufafi. Ƙasan ɗaki kuwa daɓe ne. Mata su taru su yi ta bugunsa suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi ja ya yi santsi. In tana ba da wannan labari sai ta riƙa buga tafin hannunta a cinya, ba ta ma san tana yi ba.

Da aure ya kawo ta Kaura, lokacin jirgin ƙasa yana shigowa da kaya, a nan ta fara ganin gadon ƙarfe mai rumfa. Ta ce ta daɗe tana kwana a tabarma a gefensa, don in ta hau sai ya yi ƙara kamar yana kai ƙararta. Ta ga zamanin da ake manna tasa da faranti a bango da laka. Ta ga kwanon fenti ya kori tasa, samira ta ture shi, tangaran ya shigo da kabad mai gilashi, ledar ƙasa ta rufe daɓe, sannan kula da roba suka mamaye komai. Kowanne ya zo ta karɓe shi, ta jera shi, ta kuma zage shi. Roba ce kawai ba ta taɓa yafe wa ba.

"Roba ko ta hwaɗi ba ta kuka," in ji ta. "Mi za ni yi da abin da bai san ya hwaɗi ba?"

Ranar jeren ɗakina ma sai da muka yi ta. Na sayo furen roba a kasuwa ina ta murna, na ɗora a kan kabad. Ta ɗauke ta ajiye a bayan ƙofa, na mayar, ta sake ɗaukewa. Da na yi fushi na ce ai ɗakina ne, sai ta ce to a kira furen ya gama jeren, ta nemi takalminta. Ni na bi ta har zaure ina ba ta haƙuri, amarya guda da lalle a ƙafa. Furen nan a bayan ƙofa ya ƙare rayuwarsa.

Da daji ya lalace, ƙauyuka suka fara watsewa, mata suka yi ta shigowa Kaura. Wasu suka sauka a azuzuwan makaranta, wasu a zaurukan dangi, wasu a kangaye. Mace za ta gudu da goyo a baya da ƙunshin kwanukan aurenta a ka, ta iso ta rasa inda za ta ajiye su, don ajin makaranta ba shi da ƙofar kirki. Akwai kuma abin da ya fi ɓarawo. In yunwa ta matsa, ko aka ɗauke wani a gida ana neman abin fansa, kayan ɗakin mace ne abin da maigida yake fara dubawa, kuma ba za ki iya hana shi ba. Amma macen da ta rasa gida da gona da akuya, kwanukan nan ne kaɗai suka rage mata da za ta nuna ta ce ta taɓa yin ɗaki, da su kuma take sa ran aurar da 'yarta. Wata da Gwaggo ta yi wa jere shekarun baya ita ta fara kawo nata ajiya, da rana tsaka lokacin da maza suke kasuwa. Ta faɗa wa wata, ita ma ta faɗa wa wata.

Gwaggo ba ta tura kayan ƙarƙashin gado ba, inda duk wanda ya gani zai yi tambaya. Sai ta jera su a bango, a fili, kowa yana gani. Wa zai yi mamakin yawan kwanuka a ɗakin mai jere? Kowace mace da layinta daga ƙasa zuwa sama, matan ƙauye ɗaya kusa da juna. Ba ta sa musu alamar fenti ba, don alama tana jawo tambaya. Inda kwano yake zaune shi ne yake faɗin mai shi, kuma ita kaɗai ta san duka.

Ni na sani ne saboda in na zo ganin gida ni take sa wa goge su. A ɗauki ɗaya, a goge, a mayar inda aka ɗauko, sannan a taɓa na biyu. Wata rana na gaji na ce me zai hana a sauke duka a wanke lokaci ɗaya, sai ta saki labule ta gaya mini gaskiya, ta nuna mini layuka kaɗan da masu su.

"Wagga magana ta tsaya nan," ta ce. "Ko yayanki kak ki hwaɗa mai. Bakinai ba shi da murhi."

Na tambaye ta, in ta Allah ta kasance fa? Ta harare ni ta ce to ni mene ne amfanina, in na sake zuwa za ta ƙarasa nuna mini. Hanya ta yi ta rufewa, zuwana ya yi ta ja baya, ba a ƙarasa ba.

Ajiya ɗaya ce ba ta ɓoyu ba. Gwaggo tana da ƙawa Bafillatana daga wajen Jangeru, tsararta, wadda ta daɗe tana kawo mata nono tun suna matasa. Da al'amura suka ɓaci har Bafillace yana tsoron shiga kasuwa, sai ga ta wata rana da ƙorenta na gado, farare sol masu zane, waɗanda ba a zuba musu komai sai ranar biki. Ta ce za su ƙetara Nijar da abin da ya rage na shanu, kaya sun yi yawa, ƙwarya kuma ba ta son jaki. Gwaggo ta ɗaura ragaya a kusurwa ta rataye su. Irin wannan ƙwarya ba a cewa ta Bahaushiya ce, duk wanda ya gani ya san ta Fulani ce.

Yaya, ɗanta na fari, ya gani. A lokacin ya rasa gonarsa ta wajen Sakajiki, an kuma kashe abokinsa a hanyar can, zuciyarsa a ƙone take. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, kayan Hillani cikin gidanga, a wanga lokaci? Ki hidda su, ko ni in hidda su." Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido, kunyar ɗan fari. Sai ta juya ta fuskanci bango ta yi magana da shi.

"A hwaɗa ma wancan, da nonona ya ƙahe yana jinjiri, mai ƙoren ga ta riƙa kawo wanda yas sha. Ba ita tak ƙwace mai gona ba."

Yaya ya juya ya tafi. Bai taɓa ƙoren ba, amma tun daga ranar bai sake taka cikin ɗakin ba, daga bakin ƙofa yake gaishe ta. Abin ya dame ta, na sani, don ta kan bar masa labule a ɗage da safe. Haka suka zauna har ta rasu.

To, wannan bangon ne na tarar wayam, ragayar ma tana lilo babu komai a ciki. Na fito na jawo matar Yaya gefe na tambaye ta ina kayan. Ta ce baƙi sun yi yawa, an are kwanukan maƙwabta har sun ƙare, ga bango cike da kwanuka, sai suka sauke. Ai nata ne, in ji ta, gara a ci sadaka a ciki ladan ya kai mata. An zuba tuwo a wasu an raba gida-gida, an wanke wasu an kife manya da manya, ƙanana da ƙanana, ƙoren kuma an dama fura an kai wa maza ƙofar gida. Na so in yi mata faɗa, wallahi na so, amma da me zan kama ta? Abin da kowace mace mai hankali za ta yi ranar sadaka shi ta yi.

Ban iya zama ba. Masu gaisuwa suna miƙo mini ta'aziyya ina amsawa a tsaye, idona yana bin kowane kwano da ya gifta. Na ji an ce a wurin jana'iza an tambaya ko akwai mai bin ta wani abu, ba wanda ya amsa. Wa zai amsa? Masu haƙƙin mata ne, ga su nan zaune a bakin ƙofa, ba wadda za ta iya buɗe baki ta ce kayana ne, maganar ta koma kunnen mijinta. Ga shi kuma an ce bayan sadaka za a raba gado, kuma jeren nan kowa ya ɗauka shi ne gadon. Tsorona ɗaya ne, kada Gwaggo ta kwanta da amanar mutane a wuyanta, mu kuma mu raba mu ci muna yi mata addu'a.

Na sa mayafi na shiga unguwa gida-gida ina karɓo kwanukan da aka kai tuwo, wasu ma ba a juye ba na tsaya aka juye. An yi ta kallona, wata har ta ce ashe 'yar riƙo ta fi 'ya'yan ciki son gado. Na haɗiye, don ba ni da lokacinta. Da na dawo na aika aka kira Yaya zaure, na gaya masa komai, na kuma gaya masa abin da ta ce game da bakinsa, don ya san nauyin abin. Ya tambaya ta yaya za a gane na kowa tunda an cakuɗa. Na ce ban sani ba, kaɗan ta nuna mini. Ya ce in yi abin da zan iya, shi zai tsare maza a waje.

Da aka tafi sallar la'asar muka shimfiɗa tabarmi a ɗakin, muka baje kwanukan duka a ƙasa, muka saki labule. Matan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka za a yi rigima, don samira duk kama ɗaya take. Ashe ba wadda ba ta san nata ba. Wannan ta gane langarta da ƙujewar murfi, ita ce shuɗiyar da aka zuba mini tuwo, ta ce ranar gudu ta buge ta da dutse. Waccan ta gane farantinta da lotsawar da ɗanta ya yi masa yana rarrafe, ɗan da yanzu ba ya duniya. Sau ɗaya kawai mata biyu suka kama samira ɗaya. Ɗayar ta kifa ta, ta nuna baƙin hayaƙi a gindinta na ranar da aka ƙone musu gida, ɗayar ta saki ta ba ta haƙuri, ta ce tata ba ta ga wuta ba. Ba a ɗaga murya ba har aka gama.

Waɗansu suka ƙunshe nasu a zane suka fita ta ƙofar baya. Da yawa kuwa suka tsaya riƙe da kayan suna kallona, don har yanzu ba su da inda za su kai. Matar Yaya ce ta share hawaye ta ce ba mai taɓa ɗakin nan, a mayar da su bango, ita za ta riƙe, amma a nuna mata layin kowa. Muka jera ni da ita, masu kaya suna tsaye suna gani. Jeren ya karkace, furanni suna kallon ko'ina. Da Gwaggo tana nan da mun sha ranƙwashi mu duka biyu.

Abin da ya rage a tabarma bayan kowa ta ɗauki nata shi ne na Gwaggo: tasa ɗaya lotsattsiya, tsohon akushi, da murafan da ba su da kwanuka. Na tsaya ina neman kwallayenta da tangaran ɗinta da na sani tun ina yarinya, babu. Sai wata daga cikin matan ta ce a hankali, ai da aka aurar da 'yarta a makaranta, ba su da ko cokali, Gwaggo ce ta cika ɗakin. Wata ta ce ita ma haka. Ashe tana cire nata tana bayarwa, kayan ajiya suna cike gurbin, bangon bai taɓa nuna ya ragu ba. A nan ne kukan da na riƙe tun Shinkafi ya ƙwace mini.

Saura ƙoren. An dawo da su daga ƙofar gida da sauran fura a jiki, babbar cikinsu ta tsage daga baki har kusan gindi. Wata cikin dangi ta ce a jefar da fasasshiyar a raba sauran, mai su ba dawowa za ta yi ba, wa ma ya san ko tana raye. Ba ta rufe baki ba sai ga Yaya a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Ya dubi ɗan abin da ya rage a tabarma, ya dubi ƙwaryar. Ya tambaya ko a cikinta aka kai musu fura ɗazu, matarsa ta ce i. Shi ma ya sha, ashe. Ya miƙo hannu aka ba shi ita, ya sa a ƙarƙashin riga ya fita.

Kafin magariba ya dawo. Da kansa ya kai ta wurin gyartai mai gyaran ƙwarya a kasuwa, ya tsaya aka ɗinke tsagar. Ya cire takalmi ya shigo ɗakin, karo na farko tun ranar rigimarsu, ya jera ƙoren cikin ragaya babba a ƙasa ƙarama a sama, ya ɗaure.

"In ta zo, ko ɗiyanta," ya ce, "a kira ni. Ni za ni ba ta da hannuna."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sauke mata duk nauyin da ta ɗauka domin mutane, Ya yalwata mata makwanci. Ni dai tun da na koma Shinkafi ban huta ba. Duk ranar kasuwa in na ga tsohuwar Bafillatana da ƙwarya a ka sai na bi ta na leƙa fuskarta, na tambayi masu zuwa daga Jangeru, ba wanda ya ba ni labari tukuna. Ƙoren suna nan a rataye. Duk Juma'a matar Yaya tana sauke su ɗaya-ɗaya ta goge, ta mayar da kowace inda ta ɗauko ta.